Sunan da Bappa Ya Kira a Bakin Rijiya

A Azare, in aka ce Bappa Jalo, mahaƙin rijiya ake nufi, dogon Bafulatanin nan da ya taso daga Bulkachuwa bayan shanun ubansa sun ƙare. Rabin rayuwarsa a cikin rami ya yi ta, watakila shi ya sa magana ba ta dame shi ba. Ga kunya har ta yi masa yawa. Ɗansa na fari, Mamman, ya shekara goma sha biyu a duniya, amma ba wanda ya taɓa jin sunan nan a bakin Bappa ko na matarsa Hadijatu. "Kai" ne in yana kusa, "yaron nan" in ya yi nisa. Da sanƙarau ya ɗauke shi, Bappa ya karɓi gaisuwa ido a bushe, bayan kwana uku ya koma rami. Mutane suka yaba, suka ce haka ake son ɗan Fulani.

Shekara biyar da yin haka, wani Bature ya sauka da akwatin ɗaukar hoto, tare da ma'aikatan tsafta. Majigi suke son yi na labarin Jaji, tsohon labarin nan da tsofaffi ke bayarwa muryarsu na rawa: mutumin da ya haƙa rijiya a tsakar gidansa, rijiyar ta cinye masa ɗansa tilo. Aka ce ai Bappa ne Jaji. Ya ce bai iya ba. Aka ce ba a nemi ya iya komai ba, ya yi abin da aka sa shi kawai.

Kwana huɗu ana abu ɗaya a wani lambu a bayan gari, an kore 'yan kallo can nesa, shi kuwa bai gane kan abin ba. Aka ɗora masa hular da ta rufe masa kunnuwa. Aka ce ya bi akuya da gudu, ya bi. Ya tambayi tafinta, wani baƙo ɗan Zariya, ta ina akuya ta shigo labarin Jaji, tafinta ya ce Bature ya fi su sanin majigi. Ran ƙarshe aka sa wa buhun ƙaiƙayi farar 'yar shara irin ta yara, aka jefa a rijiya, aka ce ya leƙa ya kira ɗansa. Bappa ya leƙa, ya hango rigar tana yawo a kan ruwa. Ya ɗago kai, abin da ya fito daga bakinsa shi kansa bai shirya masa ba. Sunan Mamman ya kira, da ƙarfi, hawaye na bin gemunsa. Bature ya tafa.

Wata bakwai Bappa bai sami sukuni ba. Ran da za a nuna, duk Azare za ta ji ya kira sunan ɗan fari yana kuka, kuma a gaban Hadijatu. Ya lallaɓa wurin Kashim, Babarbaren da ke yi wa majigi bayani da lasifika, ya tambaye shi ko akwatin yana kama murya. Ina Babarbare zai bar Bafulatani ya wuce haka nan?

"Murya kaɗai, bawana?" in ji Kashim. "Har abin da ka raya a zuciya yana kamawa."

Bayan magariba aka kafa farin ƙyalle a filin makaranta, maza gefe, mata gefe. Bappa ya raɓe can baya. Ashe majigin ba shi da murya ko kaɗan, sai bakin Kashim. Ashe kuma Jajin nasu wawa ne da ya ƙi gine bakin rijiyarsa. Akuya ta faɗa. Surukarsa ta faɗa da ƙwarya a ka. Mai tallan fura ta zo leƙawa, ita ma ta bi su. Wani dattijo kusa da Bappa ya ce wannan ba labarin Jaji ba ne, ya ja tsaki, sai kuma dariya ta ƙwace masa. Wani yana salati yana riƙe ciki. Wani ya dage sai an gaya masa ko surukar da gaske ta mutu.

Sai ga fuskar Bappa ta cika ƙyallen, hawaye shaɓe-shaɓe, baki na buɗewa yana rufewa. Kashim ya maƙale murya ya ce, "Wayyo gugana! Yaro, in za ka fito, ka taho min da gugana."

Fili ya kaure da dariya, har da masu birgima.

Asirin Bappa ya rufu, abin da ya yi wata bakwai yana roƙon Allah ke nan. To me ya sa bai ji daɗi ba? Ya rasa ko ya gode wa Kashim ko ya shaƙe shi. A hanya aka yi ta kiransa Jaji mai guga, ana tambayarsa ko albasa aka goga masa a ido. Ya ce albasa ce.

Ya tarar da Hadijatu ta riga shi gida, tana zaune bakin murhu ba ta komai. Ta miƙo masa ruwa ba ta dube shi ba.

"Ba guga ka ce ba," in ji ta.

Ya karɓi moɗar.

"Na ga bakinka. Sau uku." Ta gyara itacen da ba ya ci. "Da suka ɗauki dariyar nan, ni ma na kira shi. Ko ta kusa da ni ba ta ji ba."

Bappa ya daɗe riƙe da moɗa bai sha ba. Can ya ce, "An ce jibi a Bulkachuwa za su nuna."

"Sai mu yi sammako," in ji Hadijatu.