Mutumin da Ƙasa Ta Saki

Lokacin sanyi a unguwarmu ta Awali, can ƙasar Larabawa, da an idar da sallar magariba, Kaka takan ja kaskon gawayi zuwa gindin katangar gonar dabinon da Baba yake kula da ita. Ta ɗora butar shayi, ta jefa ganyen na'a-na'a a ciki, mu jikokinta mu kewaye ta. Da Hausa take ba mu labari, mu amsa mata da Larabci, ta bi mu da harara.

A waɗancan shekarun ba ni da buri sai sama. Na ga wasu mutane a talabijin suna shawagi cikin kumbo kamar auduga, sai na sanar da kowa a gida cewa can za ni idan na girma. Baba ya yi dariya. Kaka ba ta yi ba. Ita ma ta kalli shirin, amma abin da ya tsaya mata a rai shi ne ruwan da ya dunƙule yana yawo, ya ƙi zuba.

"Matso nan, Safiyya 'yar sama jannati," in ji ta wani maraice. "Tatsuniyar yau taki ce."

Wai an yi wani mai hawan dabino da ya gaji da nauyin jikinsa. Ya roƙi ƙasa ta sake shi, ƙasa ta ce to. Ya yi ta tashi har ya wuce gajimare. Can sai cikinsa ya juya, ya yi amai. Aman bai faɗi ba. Ya tsaya masa a gaban fuska, ya bi shi duk inda ya juya, ya manne a gemunsa. Jinin ƙafafunsa ya taru a ka, fuska ta kumbura kamar gurasar da ta kwana a ruwa, ƙafafu suka tsotse kamar sillen kara. Gumi ya ƙi gangarowa, ya kwanta a fatarsa kamar yauƙin kuɓewa. Da ƙishi ya kama shi, fitsarinsa ya tace ya sha.

Na ajiye dabinon da ke hannuna. Na tambaye ta me ya hana shi wanka.

"Da wane ruwa, ya binti, 'yar nan? Wanda in kin zuba a hannu ya naɗe kamar ƙwai? Najasarsa tana yawo tana shafar rigarsa. Ya zo sujada, goshi ya nemi ƙasa, babu."

Ta ce ƙasusuwansa da suka ga ba abin da suke ɗauka, sai suka fara narkewa suna bin fitsari. Ranar da ya dawo ya kasa tsayuwa, a kwandon dabino aka kai shi gida.

Ban iya ƙarasa shayina ba. Daga ranar, duk lokacin da na ɗaga kai ga taurari sai in ji ƙarnin amai a maƙogwaro. Na daɗe ina jin haushin Kaka, don ta ɓata mini abin da na fi so.

Sai da na shiga jami'a ina karatun gashin ƙashi na tarar ba ta ƙara gishiri ba. Kumburin fuska, zaizayewar ƙashi, shanyewar tsoka, har raunin gani da ita ba ta sani ba, duk suna cikin littattafanmu. Ƙyamar ta dawo mini sabuwa, musamman idan na ga tallan yawon sararin samaniya, mutane fes suna murmushi, ba a nuna jakar amai ko ƙunzugun da ke ƙarƙashin farar rigar.

A nan ne na haƙura da tafiyar, ba tare da baƙin ciki ba. Yanzu ina aiki da tsofaffin da doguwar jinya ta kwantar, waɗanda gado ya yi wa jikinsu irin ɓarnar da sama take yi. Jiya na riƙe wata Hajiya ta sauko da ƙafafunta a karon farko tun bayan tiyata. Da nauyinta ya sauka a tafin ƙafarta sai ta runtse ido don zafi, ta ce kada in ɗaga ta tukuna, in bar ta ta ji shi.