Kwaɗo a Ƙofar Garejin Masta Muniru

A Suame Magazine, unguwar makanikai, duk direban trotro, wato bas ɗin haya, da giyar motarsa ta fara kuka, garejin Masta Muniru ake nuna masa. Haifaffen unguwar Alabar ne, gajere mai kaurin hannu, ba ya son yawan magana. Tun suna samari shi da abokinsa Gariba suka koyi gyaran mota wurin maigida ɗaya, da suka sami 'yanci suka haɗa hannu suka kafa rumfarsu. Ba su taɓa rubuta komai ba. Muniru na ƙarƙashin mota, Gariba na fama da masu kawo aiki, kuma sunan Gariba ne a takardar filin domin shi ya fi jin yaren Twi, mahaifiyarsa Ba'asantiya ce.

Ciwon hanta ya ɗauke Gariba bara. Bayan sadakar arba'in, Muniru ya iso gareji da safe ya tarar da sabon kwaɗo a ƙofa. Kwabena, ɗan 'yar'uwar marigayin, yana zaune kan tsohuwar taya da wasu maza biyu.

"Wofa Muniru, kada ka taɓa," in ji shi, yana kiransa kawu da Twi. "A al'adarmu dukiyar kawu ta ɗan 'yar'uwa ce. Dangi sun ce a rufe."

"Motocin mutane na ciki, Kwabena. Kuma rabin wurin nan nawa ne."

"Ina shaidarka?"

Muniru ya juya ya shiga rumfar maƙwabci, ya fito da guduma. Makanikai suka bar aiki suka kewaye su. Ya ɗaga hannu ke nan sai Nasiba, matar Gariba, ta kutso cikin taron tana haki, wani ne ya kira ta a waya.

"Masta, don Allah ajiye! Kana fasawa polis za su tafi da kai, shi ke nan sun ci."

Ya daɗe yana kallon kwaɗon, sannan ya sauke gudumar.

Shugaban ƙungiyar makanikai ya zaunar da su, aka tashi baram-baram. Limamin unguwa ya yi magana, dangin uwar Gariba suka ce ba a masallaci suke ba. Daga ƙarshe Muniru da Nasiba suka je wurin wata lauya a unguwar Adum. Ta ce wa Nasiba ta kwantar da hankali, doka tana tare da mata da 'ya'ya, dangi ba su da ikon kulle wuri da kansu. Sai ta dubi Muniru.

"Kai ne a cikin matsala, Masta. Sunanka ba ya ko'ina. Sai wanda ya san yadda kuka fara ya tsaya gaban alƙali."

Mutum ɗaya ne ya rage da ya sani, Nasiba ce. In ta ce rabi na Muniru ne, rabon marayunta ne zai ragu. Yayanta Suraj ya tare a gidanta a unguwar Tafo yana hura mata wuta: "Ki yi shiru kawai, ba ƙarya kika yi ba." Ta daina ɗaga wayar Muniru. Shi kuma yana gyaran mota a bakin titi, cikin rana, bai je ya roƙe ta ba.

Magana ta kai kotu. Ranar shari'a Nasiba ta shigo ba ta dubi Muniru ba. Alƙali ya tambaye ta ko na wane ne garejin.

"Na mutum biyu ne," ta ce da ƙaramar murya. "Ni na riƙa kai musu abinci lokacin da suke kafa ginshiƙan."

Suraj ya tashi ya fice.

Shari'ar ta ja watanni. Aka tabbatar wa Muniru rabinsa, ɗaya rabin aka bai wa Nasiba da 'ya'yanta kaso mafi yawa, dangin uwa suka sami ɗan abin da doka ta ba su. Nasiba ta ba wani mai fenti hayar ɓangarenta, aka ja katangar kwano a tsakiya. Wurin ya yi wa Muniru ƙunci, mota ɗaya kawai ke shiga. Har yau Suraj ba ya amsa gaisuwarsa.