Wataƙilar Baba

Wata Asabar a bazarar 2007, ina 'yar shekara sha ɗaya, na shigo ɗan falonmu na College Park a Amurka da kwandon wanki na tarar da Baba zaune a ƙasa, takardu sun kewaye shi, shayinsa ya huce. Malaman jami'a sun dawo masa da kundin digirinsa. Wata huɗu suka ba shi ya gyara, in ba haka ba takardar zamanmu ta mutu, mu koma Kaduna.

Shekara shida yana bin abu ɗaya: ko tsoffin masanan Girka daga Indiya suka samo zancen cewa rai yana barin jiki ya sake dawowa cikin wani. Matan da ke zuwa kitso wurin Mama sun ɗauka finafinan Indiya yake karanta, har wata ta roƙe shi aron kaset. Mama ta yi dariya ranar, amma daga baya nakan ji ta a kicin tana kuka ƙasa-ƙasa tana wanke wake. Ni kuwa tsoro ya cika ni. Ban san Kaduna ba sai a hoto, Hausata ma ta ji ce kawai, da Turanci nake amsawa.

Na ji Baba yana gaya wa Mama malaman sun ce ba shi da tabbas. Sai na ga ai gyaran mai sauƙi ne. Da ya fita, na ɗauki jan biro na bi kundin shafi-shafi, duk inda ya rubuta kalmar Turancin da ke nufin "wataƙila" na soke ta. Har yatsana ya yi kanta. Na miƙa masa ina roƙonsa ya kai musu haka.

Bai yi faɗa ba. Ya daɗe yana kallon jan layukan, sannan ya ce, "Uwata, ban gani da idona ba. In na cire ta, na yi ƙarya." Na yi birgima, na ce na tsani Girkawa da Indiyawan duka. Washegari ya mayar da kowace ɗaya.

Malaman ba su karɓi kundin ba, a watan Agusta muka tafi Kaduna. Yau ina da 'ya'ya, na kuma san sau nawa na ce "tabbas" don kawai a bar ni in zauna lafiya. Shekaru na yi ina fushi da mutumin nan, kuma ban kai shi ba.