Akori-kurar Surukina da Zargin da Ta Jawo Mini

Lokacin da wannan abu ya faru ni sabon ango ne, ban daɗe da barin Kano ba, inda na yi shekaru ina tuƙa motar wani mai sayar da kayan gini. Na yi aure a wani ƙauye kusa da Falgore, na kama haya a Rogo, ba ni da wata sana'a a hannu sai 'yar gonar da na gada. Mahaifin matata, wanda nake kira Baba, dattijo ne manomi mai rufin asiri, kuma yana da wata tsohuwar akori-kura mai shan gas, wato man dizal, wadda ta girmi 'yarsa. Idonsa ya fara rauni, ya daina doguwar tafiya, sai dai ya lallaɓa da ita gona ya dawo. Wata rana ya aika aka kira ni, na durƙusa a zaure kaina a ƙasa, ya ce tunda Allah ya kawo direba cikin gida, ba dalilin da zai sa mota ta zauna tana tsatsa. In riƙa ɗaukar kaya tsakanin Rogo da Karaye, mu rufa wa juna asiri. Ya miƙo mini makulli, na karɓa da hannu biyu.

Da farko komai lafiya. Sai motar ta tsiro da wani hali. Idan na ta da ita da safe, ƙararta ras, ba abin da za ka ce. Amma in na yi nisa da kaya, musamman a hanya mai gargada, sai in taka totur in ji kamar an riƙe ta ta baya. Ta fizga, ta shaƙe, ta sake fizga, wani lokaci ta mutu gaba ɗaya. In na zauna na ɗan jira, sai ta tashi kamar ba ita ba. Kunyar suruki ta hana ni zuwa in faɗa wa Baba tun da wuri, don ina ganin za a ce daga ba ni mota na lalata ta. Na canza filtar gas, ta yi mini kwana biyu ta koma halinta. Na kai aka wanke nozul, wato bakin da ke fesa wa injin mai, hakan dai. Wani ya ce famfon da ke tura wa injin mai ne ya gaji, aka kwance shi na kai Kano, masu aikin suka gwada suka ce lafiyarsa ƙalau.

Ranar da abin ya fito fili ba zan manta da ita ba. Damina ta kankama, Baba da wasu maƙwabtansa suka haɗu suka sayi takin zamani a Karaye, aka ce in ɗauko. Na baro gari hadari na haɗuwa a gabas, ina sauri, sai motar ta mutu a tsakiyar gonaki inda ba gida ba rumfa. Tampol ɗina tsohon ne mai huji, na ja shi na rufe iya inda ya kai, na cire rigata na toshe wani gefen. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, ina tsaye ina kallon farin ruwa na tsiyaya ta ƙarƙashin bodi, takin mutane yana narkewa. Da aka ɗauke ruwan na murɗa makulli, ta tashi ba gardama. Na zauna a kan kujera na rasa abin da zan yi, kuka ko dariya.

Daga nan magana ta fara yawo. Yayan matata, wanda dama yana ganin shi ya fi cancanta a ba motar, ya ce abin a fili yake: in Baba ya tuƙa ta zuwa gona ba ta taɓa tari, sai a hannuna take mutuwa, saboda haka ina zuƙe gas mai kyau in sayar wa 'yan bumburutu, in cika tankin da kananzir. Ba a gabana ya faɗa ba, amma a ƙauye ba sai an faɗa maka a gabanka ba. Na lura da yadda gaisuwa ta gajarce a bakin masallaci. Matata ta je gida ta dawo idonta jajir, ta ajiye mini abinci, sai daga baya ta ce ita dai ta san wanda ta aura, amma in taimake ta in gano abin da ke damun motar nan, don ta gaji da sunkuyar da kai a gidan ubanta. Baba kuwa bai tuhume ni ba, bai kuma karɓi makullinsa ba. Wannan kawaicin nasa ya fi mini zagi ciwo.

Na koma wajen wani bakanike a Karaye da muka saba, na ce masa yau ba canza kaya na zo yi ba, zama za mu yi mu yi tunani. Na zayyana masa duk abin da na lura: ba ta yi a tsaye, sai an yi nisa, ta fi yi idan gas ya yi ƙasa, kuma hutu kaɗan ke warkar da ita. Ya ce to injin da ya lalace ba ya warkewa da hutu, wannan yunwa ce, wani abu ke hana mai isowa. Muka yanke shawarar raba gardama. Muka cika jarka da gas daga gidan mai, muka ɗaure ta a bayan mota, muka zura tiyon da ke jan mai a ciki tare da wanda ke mayar da ragowa, muka fitar da iskar da ta shiga layin. Ma'ana mun cire tankin motar daga lissafi. Muka loda buhunan masara, muka bi hanya mafi muni har Rogo muka dawo. Ko sau ɗaya ba ta shaƙe ba.

Washegari muka sauke tankin muka juye shi a cikin wani daro. Bayan laka da tsatsa sai ga wani abu baƙi ya faɗo, mai santsi kamar ganyen da ya ruɓe. Leda ce. Tana yawo a cikin gas, in mota ta yi ta girgiza sai ta matso bakin bututun da ke zuƙar mai ta manne ta toshe shi. In injin ya mutu zuƙar ta tsaya, sai ta saki ta koma yawonta. Tafiyar Baba zuwa gona ba ta da nisan da za ta kai ga haka.

Na naɗe ledar a takarda na kai zaure bayan la'asar, yayan matata na zaune a gefe. Na gaida Baba, na shimfiɗa ta a gabansa, na faɗi inda muka same ta. Ya ɗauka ya kai kusa da idonsa, ya jujjuya ta. Can sai ya yi salati, ya ce, “Malam, wannan ai aikina ne.” Ya ce shekarun baya murfin tankin ya ɓace masa a kasuwa, ya cusa leda ya ɗaure da roba kafin ya samu wani, wata rana ya duba bai gan ta ba, ya ɗauka a hanya ta faɗi. Ya juya ya kalli ɗansa, kallo ɗaya, sannan ya ce da ni, “Ka yi haƙuri, ɗana. Allah ya yi maka albarka.” Tun da na auri 'yarsa bai taɓa kirana da haka ba sai ranar. Ranar kasuwar da ta biyo baya na fito na tarar da yayan matata yana ɗaure mini kaya a bayan mota, muka gaisa, magana ta wuce. Masu takin ma Baba da kansa ya bi su gida gida ya yi musu bayani.

Yau motar tana nan tana aiki, ni da yayan matata muke karɓa-karɓa, 'ya'yana kuma a bayanta suke zuwa gaida kakansu. Idan na tuna, abin da ke ba ni takaici shi ne watannin da na yi ina canza kayan da lafiyarsu ƙalau, ina haɗiye damuwa ni kaɗai. Ga 'yan'uwana direbobi: in tsohuwar mota mai gas ta fara shaƙewa, ku bi hanyar man tun daga tanki kafin ku taɓa injin, kuma kada ku toshe bakin tanki da leda ko tsumma ko na yini ɗaya. Ga masu ba da amanar dukiyarsu kuma, kafin ku ce wane ya ci amana, ku sa a sauke tankin tukuna. Ni na yi sa'a surukina mutum ne mai iya cewa aikina ne a gaban ɗansa. Ba kowa ke samun irinsa ba.