Ƙyauren Ɗakina a Jirgin Rakiya

Shekarar da 'yan bindiga suka fara tare jiragen kasuwa a gulbi, tsakaninmu da tsallaken Benin, zama ya gagare ni. In ɗora tukunya in manta da ita, in tafi bakin ruwa in dawo, in sake komawa. Mutanen gari suka ce jirgin maigidana ne zai riƙa raka sauran, tunda shi tsohon maharbi ne. Aka kafa wata ƙatuwar bindiga ƙirar maƙera a goshin jirgin, shi zai tsaya a bayanta. Babban ɗanmu kuwa, magidanci da iyalinsa, shi ke riƙe da inji a baya.

Jirgin katako fa! Abin da ƙusa ma ke hudawa, shi zai tare harsashi? Na ce sam ban yarda ba. Na bi gida gida ina roƙon ƙarfe, har ƙyauren ɗakina na sa aka ɓalle. Mai walda ya zo daga Bagudo ya lulluɓe jirgin, gaba da baya da gefe. Ranar na ci tuwo har da ƙari.

Da aka tura shi ruwa sai ya zauna daɓas kamar saniya mai ciki. Kaɗan ya rage ruwa ya leƙo ciki. Inji na ta kuka, jirgi na jan jiki, ko tsakiyar gulbi bai kai ba ya kafe a yashi. Mata masu wanki suka fashe da dariya, ni kuwa ji nake kamar in shaƙe su.

Maigida ya fito sharkaf, ya ce, "Uwar yara, kin gani ko? In mun kafe haka a gaban 'yan bindiga, ai sai su zaɓi wanda za su fara harbi."

Aka shiga cire ƙarafa, a cire a gwada, a sake cirewa. Kowane aka ɓamɓare sai na yi masifa, ina kai da kawowa a bakin gaɓa, zanina duk taɓo. Daga ƙarshe jirgi ya taso ya yi gudunsa, amma babu abin da ya rage sai bindiga da ƙyaurena a jingine.

Maigida ya kira ni gaban mai walda. Ya ce, "Wannan kaɗai jirgin zai ɗauka. Naki ne, ke za ki faɗi inda za a kafa shi. Gaba ko baya?"

Wallahi na ji haushinsa. Na dubi furfurarsa, na dubi ɗana da ya sunkuyar da kai yana goge inji. Sai hannuna ya nuna baya.

Maigida ya yi murmushi, ya ce, "Da kin nuna gaba, da mun ɓata."

Ya juya ya kama wa mai walda ƙyauren, suka nufi bayan jirgi.