Gudumar Baba Sunmonu

Ranar da na fita takaba na fara kai tallan agidi tsohuwar kwatar jirgin fito a Ikko, ruwan sama ya ritsa da ni. Baba Sunmonu, mai kama igiyar jirgi, bai san ni ba, amma ya janye bencinsa ya bar mini gefen rumfa.

Kwatar ta katako ce, tun ta zamanin Turawa, tsaye a kan turaku cikin ruwan gishiri. Kullum ruwa ya janye, Baba yakan naɗe wando ya sauka ƙarƙashinta da 'yar guduma, yana ƙwanƙwasa turakun ɗaya bayan ɗaya. Lafiyayyen itace yakan amsa ƙal, wanda tsutsa ta cinye cikinsa kuwa sai ya yi amon ganga. Ba wanda ya sa shi. Haka ya ga ubansa na yi.

Wata Litinin da safe, 'yan dako da 'yan kasuwa sun yi dafifi za su ƙetara Apapa, sai ga shi ya hauro jiƙe sharkaf. Ya ja ƙofar ƙarfen shiga kwatar, ya zarga sarƙa, ya datse kwaɗo.

"Baba, yau kuma kifi ne ya yi maka raɗa?" in ji wata mai barkono.

"Buɗe, tsoho!" wani ɗan dako ya daka masa tsawa. "In aka kore mu, kai za ka ci da mu?"

Akawun kamfani, Mista Fadairo, ya kutso yana gumi. "Sunmonu, kanka ɗaya kuwa? Kawo makulli."

"Oga, turaku huɗu na dama sun mutu. Ba za su ɗauki jama'ar nan ba."

"Yaushe ka zama injiniya? Kai da ko sunanka ba ka iya rubutawa!"

Jirgi ya yi ƙugi, ya doso. Na baya suka turo na gaba. Baba ya jingina da ƙofar, ya jefa makullin a baki, ya dantse haƙora. Aka fizge masa hula, aka ci kwalarsa, bai motsa ba. Matuƙi ya ga babu mai karɓar igiya, ya yi jim, ya juya.

Kafin azahar an fasa kwaɗon, an sallami Baba, bayan shekara talatin da ɗaya yana wurin. Kwatar kuwa ba ta faɗi ba, har gadoji suka rage wa fito kasuwa aka kwance ta. Mutane suka ce ruɗin tsufa ne. Ni dai na ga turakun dama ranar da aka tumɓuke su, cikinsu kamar saƙar zuma.

Shekara shida na yi a tsakanin nan, duk jirgin da ya iso sai in cika abin da Baba ya roƙe ni yana naɗe tabarmar sallarsa zai tafi:

"Iya Risi, ni an rufe mini baki. Ke ba wanda zai kori mai agidi. Duk mai goyon da kika gani, don Allah ki ce ta bi hagu."