Dakalin Hajiya Umma da Jan Fenti

Wata Juma'a cikin damina, ina aji huɗu na firamare, ajin da na maimaita har malamai suka fara gaishe ni, na tashi da safe na ga silifas ɗina yana iyo ya nufi zaure ba sallama. Ruwa har gwiwa a ɗakin kakata Hajiya Umma, mai alkakin Dukawuya, tana tsaye a kan gado rungume da kwanon alkakinta kamar jariri.

Da can ruwan unguwarmu yana da gida. Kududdufi ne a bayan layinmu, inda kakanni suka haƙi ƙasar da suka gina gidajenmu. Nan muke kamun tarwaɗa, mu jefi kwaɗi, mu koma gida mu sha bulala. Sai wani Alhaji ya zo da tifofi, ya cike shi da bola da jar ƙasa, ya fara jera bulo wai shaguna. Ruwa ya zo ya tarar an ƙwace masa ɗaki, sai ya tare a namu. Katangar Hajiya ta ƙasa ce, ta fara jiƙewa daga gindi, kuma in ta faɗi ba mu da wani wurin.

Hajiya ta sa muka gina dakali a bakin zaure ya tare ruwan. Ba a jima ba sai ga ma'aikatan tsara gari da gwangwanin jan fenti, suka zabga masa alamar rusau, wai mun ci hanya. Ginin Alhaji kuwa ko ɗigo bai samu ba. Hajiya ta leƙo ta ce wa mai burushin, "Ɗan nan, shi ruwan da ya kwana a ɗakina wa ya ba shi izini? Je ka shafa masa fentin tukuna, sannan ka dawo ga alkaki."

Suna juya baya ta miƙo min bokiti. Na ce ina zan samo ƙasa? Ta ce, "Inda kakanka ya ɗebo, ja'iri." Haka muka dinga kwasar jar ƙasar Alhaji muna yaɓe fentin, maigadinsa na bin mu da gora muna ɓacewa a lungu. Su shafa, mu yaɓe. Da suka kawo katafila ma, lungunmu ya ƙi ta, ta juya da baya muna yi mata tafi.

Yanzu benen Alhaji ya tsaya, duk damina masu shagunan ƙasa suna kwarfar ruwa da roba, ni kuma ina zaune ina yi musu sannu. Hajiya ta rasu, ba tarwaɗa, ba ƙamshin alkaki. Amma katangarta na nan, dakalin ma na nan, ya yi ƙiba da yaɓe. Bana ma sun shafa. Bokitina na bayan ƙofa.